Wa Zai Riƙe Ta?

Ni ne magatakarda, biro a hannuna,
A cocinmu na Agege, bayan layin dogo,
Inda jirgi in ya wuce tagogi kan yi rawa.
Zama uku muka yi a kan kwamfuta.

Kefas ya zo da farashi jere a takarda,
Ya ce, “Ta cinya za mu saya, sabuwa dal a kwali,
Da na'urar haska baiti a jikin bango,
Tsofaffi su huta da laluben shafi.
Ikeja ba nisa, gobe sai in ɗauko ta.”

Ma'aji Barnaba ya yi gyaran murya:
“Sabuwa? Da wane kuɗin? Kwanon rufi na yoyo,
Ruwan Legas ba ya sallama kafin ya shigo.
Akwai tokumbo a shagon Obinna,
Ta tebur, mai nauyin dutsen niƙa,
Ɓarawo ma in ya ɗaga sai ya ajiye ta.”

Mama Rifkatu ta zumuntar mata ta miƙe:
“Mu muka soya ƙosai muka tara rabi.
Kada a kulle ta a ofishin fasto,
Mu riƙa jin labarinta daga nesa.
Sunayen gwauraye na nan a littafina,
Su za a fara zubawa a cikinta.”

Dattijo Irmiya, tsohon mai gadi a Apapa,
Bai ce sabuwa ba, bai ce tsohuwa ba.
Ya dogara sanda, ya dubi silin:
“Sayen akuya ba wuya, dusa ce aikin.
Ran da wuta ta dawo da fushi,
Ran da danshi ya ci hanjinta,
Ran da yaron nan ya sami abin yi ya tafi,
Wa zai riƙe ta?”

Zama na biyu, ita ce tambayarsa.
Zama na uku, bai sauya ko wasali ba.
Matasa na kwaikwayonsa a bakin famfo,
Ni ma na gaji, na daina rubuta ta.

Aka ɗaga hannu: tara da bakwai.
Sabuwa ta ci.
Barnaba ya yi sati uku yana gaishe ni da ka,
Matarsa ta ɗauke kujerarta.

Wata biyar baitoci na hawa bango,
Baƙaƙe manya kamar tafin hannu,
Har Mama Rifkatu ta manta tabarau a jakarta.

Sai Kefas ya sami aiki a Fatakwal.

Lahadi, coci cike, janareta na shan mai,
Allo ya ce a ba shi kalmar sirri.
Na buga Halleluya, ya ƙi.
Na buga Agege, na buga sunan fasto,
Na buga Zabura ashirin da uku, gumi na bin wuyana.
Mawaƙa sun maimaita amshi sau shida,
Na laɓe bayan bagade na kira shi,
Muryarsa na yankewa, dariya na cinta:
“Ƙananan baƙaƙe, kada ka bar tazara,
Tambayar Baba ce.
Rubuta wazairiketa.”

Ta buɗe.
Labari ya bi benci-benci kamar kwanon baiko,
Har fasto ya rufe baki da Littafi.
Irmiya kaɗai bai yi dariya ba,
Hularsa yake juyawa yana kallon ɗinkinta.

Litinin da yamma sai ga shi da jikarsa Asabe,
Da tsohon zanen marigayiya matarsa.
Ya ce, “Wannan na ƙura ne, a lulluɓa.
Wannan kuma tana aji biyu, kanta na ja,
A koya mata.
Kuɗin gyara, a buɗe masa layi a kasafi.”

Barnaba daga ƙofa: “Da wane kuɗin?”
Na juya sabon shafi, na sa kwanan wata.
Hadari ya taso ta wajen Oshodi,
Rufin bai daina yoyo ba.
Asabe ta jawo bokiti da ƙafa,
Ta matsar da tebur, ta zauna gabanta.